Yadda Malam Cindo Ya Ci Duhu da Yaƙi da Rana Tsaka

Godiya ta tabbata ga Wanda ya halicci ƙarfe ya hore shi ga maƙera, ya halicci alli ya hore shi ga malaman firamare, ya kuma ba kowane hannu gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Bayan haka, wannan shi ne ingantaccen tarihin sadauki ɗan sadaukai, kogin ilimi, garkuwar aji huɗu, Amirul Jaishi na rundunar masu gajeren wando, dodon makararru, mai dorinar da ba ta kwana da yunwa, Malam Cindo na firamaren Tudun Zuga. Shi ɗa ne ga Maƙeri Sallau, wanda garmarsa ta nome rabin ƙasar nan. Sallau ɗa ne ga Hambali Ci-Wuta, wanda yake zaro ƙarfe ja wur daga gawayi ya sosa ƙeya da shi. Hambali kuwa ɗan Jatau Mai Masaba ne, wanda in ya buga ƙarfe da hantsi, kajin garuruwa bakwai ke fasa yin ƙwai.

Daga wannan tsatso na wuta da ƙarfe gwarzonmu ya fito, kuma an haife shi da yatsu shida a hannun dama, dalilin sunansa ke nan. Ranar suna wanzami ya cire na shidan. Tsofaffin gidansu, maza da mata, sun haɗu a kan ruwaya ɗaya, cewa yatsan aikin ne aka cire, aka bar masa biyar na nuni. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wannan ɗan barewa ko rarrafen bai yi ba, makaranta ya tafi. Shekara goma sha tara yana koyar da kimiyya da fasaha. Ya zana injin jirgi a allo, ya zana injin niƙa, ya zana ƙwan lantarki har da haskensa na farin alli, amma bai taɓa ɗaura kusa ɗaya da hannunsa ba. In sarƙar kekensa ta zame, turo shi yake yi har wurin mai gyara, yana tafe yana yi wa keken bayanin abin da ya same shi. Wannan abu yana cin ransa, ni shaida ne, domin ni ne masinjan makarantar, mai buga ƙararrawa, kuma marubucin wannan tarihi.

To, a shekarar da iskar damina ta yaye rufin aji huɗu, sai ga wata mota daga birni ɗauke da akwati. Wadda ta kawo shi Injiniya Suwaiba ce, jakadiyar wata ƙungiyar injiniyoyi masu bin ƙauyuka suna koya wa yara haɗa abubuwa da hannunsu. Yarinya ce ƙarama, mai sanyin murya, ga sukundireba tana leƙe daga jakarta. Ta buɗe akwatin a ofishin hedimasta: wayoyi ja da baƙi, kusoshi, ƙananan tayoyi, makunni, gidan batir, ɗan littafin bayani, ƙwan fitila wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da batir guda ɗaya irin na tocila, a naɗe cikin ledarsa ta kanti. Sannan ta shimfiɗa sharaɗi. Bayan mako uku, ranar Alhamis, za ta dawo. Tana so ta ga yara sun kunna wannan ƙwai da hannunsu, kuma ba 'yan makaranta kaɗai ba, har da 'yan talla da masu kiwon awaki da duk yaron da bai taɓa zama a benci ba. In ƙwai ya kama, akwati ya zama na Tudun Zuga. In bai kama ba, za a ɗauke shi a kai firamaren Tsallake, can ƙetaren rafi.

Tsallake! A can ne Malam Barmo yake koyar da kimiyya, wanda tun suna kwalejin horon malamai yake kiran gwarzonmu maƙerin alli. Da Malam Cindo ya ji sunan garin, sai jinin Jatau Mai Masaba ya motsa a jikinsa, ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi, ya yi rantsuwa da zugazugin gidansu cewa akwatin nan ba zai ƙetare rafi ba yana raye.

A ranar aka zauna majalisar yaƙi, mutum biyu: shi da Hedimasta Mantau, dattijo mai tsentseni, wanda shekara shida da sayen babur ɗinsa amma har yau ledar kanti na kan sirdin. Kada mai karatu ya yi dariya, domin a Tudun Zuga leda ita ce mutuncin sabon abu. Kujerar da aka yaye wa leda ta zama tsohuwa, rediyon da aka yaye wa leda ya zama na gwanjo, mutumin da ya yaye kuwa ya zama almubazzari. Majalisa ta zartar da doka biyu. Ta farko, babu mai yaga ledar komai a cikin akwatin nan, don in Injiniya ta dawo ta tarar an tsiraita kayan mutane, da wane ido za a dube ta? Ta biyu, tunda hannun yara ba ya rabo da laka da man awara, za a kulle akwatin a ofis, a koyi aikin hannun da baki. Malam Cindo ya kwafe littafin bayanin kaf a allo, ya ce abin da aka haddace ya zauna, abin da aka taɓa kuwa ya lalace.

Daga nan aka fita farmakin tara runduna. 'Yan aji huɗu su hamsin da biyu ba su ba da wahala ba, dama a hannu suke. Yaran waje ne suka ja daga. Kwana uku Amirul Jaishi yana bin su lungu-lungu, daga bakin kasuwa zuwa mashayar awaki, yana daga musu hannu yana kiran su zuwa ga ilimi, su kuwa da sun hango dorina a hammatarsa sai su cika wandonsu da iska. Ya faɗa lambatu sau ɗaya, bunsuru ya tunkuye shi sau biyu, a ƙarshe ya dawo da fursunoni goma sha ɗaya. Ta goma sha biyun da ƙafarta ta zo, wata yarinya 'yar shekara tara mai suna Tasalla, mai tallar awara, wadda ta lura cewa duk inda yara sittin suka taru akwai masu jin yunwa. Ta ajiye farantinta a gindin darbejiyar da ake karatu a ƙarƙashinta, ta shiga sahu.

Sai atisaye ya kankama. Kowace safiya Malam yana tsaye a gaban allo, dorina a sama, yana ba da baiti runduna na amsawa.

"Jar waya ta kama kan batir!"

"Ta kama kan batir!"

"Baƙar waya ta kama gindin batir!"

"Ta kama gindin batir!"

"A danna makunni!"

"Haske ya bayyana!"

Mako uku ana wannan, har amon ya cika garin. Mata suka riƙa daka da shi, masu ɗiban ruwa suka riƙa jan guga da shi, wata tsohuwa ta yi renon jikanta da shi har ya yi barci. Babu mahalukin da ya rage a Tudun Zuga bai san inda jar waya take kamawa ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin jar wayar. Wani yaro mai kiwon awaki ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaushe za mu taɓa?" Aka amsa masa da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, aka kuma sa shi kamun kunne.

Ranar Alhamis ta zo, ranar kasuwa ce kuma, saboda haka duk wanda ya zo sayen gishiri sai da ya ratso filin makaranta. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, mahauta suka bar nama a hannun ƙudaje suka zo. Malam Barmo na Tsallake ya ƙetaro rafi yana tura baro, babu komai a ciki sai igiya, ya jingine shi inda kowa zai gani, ya zauna a kai yana sakace. Wallahi ban taɓa ganin rashin ta ido irin wannan ba. Sa'an nan gwarzonmu ya bayyana cikin babbar rigarsa ta baƙin rini, mai kauri, mai nauyi, wadda ba ya sawa sai ranar salla, yana taku ɗai-ɗai, alli uku a aljihu, gumi na bin gemunsa. Aka fito da akwati daga ofis, mutum biyu na ɗauke da shi, aka ɗora a tebur a tsakiyar fili, rana tana tsakar ka.

Injiniya Suwaiba ta zauna, ta buɗe littafinta. Malam ya ɗaga dorina, runduna ta rera haddar daga farko har ƙarshe da murya ɗaya, ba tuntuɓe ba gargada, har tsuntsayen darbejiya suka watse. Jama'a suka yi kabbara. Injiniya ta tafa, ta ce, "Madalla, kun yi ƙoƙari. To, yanzu su haɗa mu gani."

Nan fa ake yin ta. Yara sittin da huɗu suka tsaya hannuwa a baya, yadda aka hore su, suna kallon wayoyin da suka yi mako uku suna yi wa waƙa. Da ƙyar Ilu, manitan aji, ya matso ya ɗauki jar waya da yatsu biyu, nesa da jikinsa, kamar wanda aka sa ya zubar da mataccen ɓera. Runduna ta riƙa ba shi baiti yana bi. Ya sa batir a gidansa da ledarsa da komai, ja ta kama kai, baƙa ta kama gindi. Malam ya yi ruri, "A danna makunni!" Ilu ya rufe ido ya danna.

"Haske ya bayyana!" in ji yara sittin da huɗu, domin haka baitin ya ce.

Babu abin da ya bayyana. Ƙwai yana nan fari fat yadda aka kawo shi daga birni. Aka sake kai hari na biyu, aka ƙara ƙarfin murya, ƙwai bai san ana yi ba. A hari na uku Amirul Jaishi ya manta da sharaɗi, ya naɗe hannun riga ya kutsa fagen da kansa, ya kai yatsunsa biyar na nuni kan abokin gaba. Ya sauya wayoyi, ya mayar da su. Ya cire ƙwan ya girgiza a kunne. Ya nuna shi da yatsa ya yi masa bayanin yadda lantarki ke gudana. Da duk wannan ya faskara, sai gadon gida ya taso masa, ya sunkuya ya cika kumatu ya shiga hura batir yadda kakanninsa ke zuga gawayi, fu, fu, fu, har hularsa ta faɗi. Daga can bayan taro aka ji ƙarar tayar baro, ƙiii, Malam Barmo ya fara matsowa yana warware igiya. Tsoro ya kama gwarzonmu, tsoro na gaske, na ji tausayinsa har cikin raina.

Injiniya ta ce a hankali, "Malam, hannun yara muka ce." Sai ta juya ga runduna. "Ku matso ku duba da kyau. Wa zai gaya mini abin da ya hana shi kamawa?"

Yara suka dubi allo, babu wannan baitin a ciki. Sai Tasalla ta ratso tsakanin manya, tana goge man awara a zaninta, ta leƙa, ta ce, "Ai ba a cire wa batirin leda ba. Rediyon Baba ma ba ya magana sai an cire."

"Kul!" in ji Hedimasta Mantau, ya zabura daga kujera. "Ke 'yar nan, kayan mutane ne! Ku riƙe ta!"

Ina! Kafin a kai gare ta ta zare batir ta kai baki. Maruwaita sun saɓa a kan ko da haƙoran gaba ta yaga ko da na gefe, amma sun haɗu a kan cewa an ji ƙarar yagewar ledar har rumfar mahauta. Hedimasta ya koma ya zauna daɓas yana salati. Tasalla ta tofar da leda, ta mayar da batir tsirara cikin gidansa, ta danna makunni, ta kewaye ƙwan da tafukanta, ta kara ido ta ce, "Ya kama!"

Jama'a suka turmutso, kowa ya zuba ido, ba wanda ya ga komai. Ƙwan da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a tsakiyar fili, da rana tsaka, wane haske zai nuna? Ajin da za a shiga a rufe taga kuwa ba shi da rufi, sauran azuzuwa ba su da ƙyauren taga, ofishin hedimasta kuma ba ya ɗaukar mutum uku sai ɗaya ya riƙe numfashi. Malam Barmo ya tsaya da baronsa daf da tebur ya ce, "A'a, jama'a, gani ya kori ji. Ni dai ban ga wuta ba, sai yarinya da ta rufe hannu."

A wannan sa'a ce, wadda za a riƙa ba jikoki labarinta, Malam Cindo ɗan Sallau ɗan Hambali ɗan Jatau ya yi abin da ya shigar da shi tarihi. Ya gane cewa haske ya samu, duhu ne ya yi ƙaranci. Ya yi kururuwa, "A kawo benci biyu!" Ya tuɓe babbar rigarsa a gaban mai unguwa da liman da matan kasuwa, ya rage daga shi sai singileti mai huda uku, ya shimfiɗa rigar a kan bencinan, ya danne gefunanta da duwatsu, ya gina dare a tsakiyar rana. Aka tura ƙwai da batir ciki. Injiniya Suwaiba ta durƙusa ta cusa kai, ta ɗan jima, ta fito tana dariya ta ce, "Ya kama. Akwati naku ne." Ta rubuta a littafinta.

Filin ya kaure da guɗa. Malam ya daka tsalle ya ba da umarninsa na ƙarshe a wannan yaƙi, "Kada wanda ya kashe! Duk wanda ya taɓa makunnin nan ni da shi ne!" Tsoronsa kada a kashe ya ƙi sake kamawa, Barmo kuwa bai tafi ba tukuna.

Aka ja layi. Injiniya ta ce yara ne farko, kuma haka aka yi, ko da yake mai unguwa ya yi gyaran murya sau biyu. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa cusa kai suna fitowa baki buɗe. Yaron nan mai kiwon awaki ya fito yana tsalle yana cewa, "Na taɓa! Da ɗumi!" ya koma bayan layi don ya sake. Ilu ya fito yana tambaya ko in aka ƙara batir hasken zai ƙaru, wani ya ce zai ƙaru, wani ya ce ƙwan zai fashe, gardama ta kaure a tsakaninsu, ba wanda ya tuna da hadda. Bayan yara sai mai unguwa, sai liman, sai hedimasta wanda ya shiga yana kawar da kai daga tsiraicin batir, sai mahauta, sai masu gishiri, sai matan da suka yi mako uku suna daka da baitin. Malam Barmo ma ya bi layi, ya leƙa, ya fito ya ce ya taɓa ganin wanda ya fi wannan, ya tura baronsa ya nufi rafi. Injiniya ta yi sallama ta shiga mota. Shi kuwa Amirul Jaishi yana tsaye a bakin rigar cikin singileti, rana na gasa kafaɗunsa, yana tsara layi da dorina. Duk wanda ya ce, "Malam, shiga mana ka gani," sai ya ce jagoran yaƙi ba ya ɗibar ganima sai runduna ta ƙoshi. Murna ta cika shi fal, yana ta haɗiyar yawu yana ƙirga sauran kawuna.

Aka yi azahar layi bai ƙare ba, aka yi la'asar da saura. Ni ne na ƙarshe kafin shi, kuma a nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na cusa kaina, ƙwan ya riga ya koma ja, ɗan zare siriri kamar garwashin da ya kwana. Ina kallonsa ya dusashe, ya dusashe, ya mutu. Batir ya ƙare. Na fito na dubi Malam, na ga yadda idonsa ke ƙyalli, na kasa gaya masa gaskiya. Na ce, "Masha Allah," na ba shi hanya.

Ya ajiye dorina, ya gyara zaman hula, ya yi bisimilla, ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin rigarsa. Ya daɗe a ciki, ya fi kowa daɗewa. Yara suka kewaye bencinan suna jira. Can ya fito da baya-baya, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa.

Tasalla, farantinta a ka, ta ce, "Malam, ka gani?"

"Na gani mana," in ji shi.

Ya janye rigarsa ya shiga kaɗe ta. Sai kuma ya sunkuyo, ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba, ya ce, "Amma ke, a naki ganin, wane irin launi ne?"

Ta yi ɗan tunani ta ce, "Kamar awara in ta soyu sosai."

Malam Cindo ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka ya gani.